Gobarar da Maƙwabta Suka Share

Insifekta Gazali yana zaune a ofishinsa na caji ofis ɗin Tambuwal, yana fifita da murfin fayil saboda zafin bazara, sai ya ji hayaniya ta kaure a kanta. Kafin ya miƙe, Saje Almu ya shigo da mutum biyu, kowa na magana babu mai sauraren wani.

Ta farko ya san ta, kuma wa bai san ta ba? Hajiya Mas'uda ce, mai gidan abincin da ke bakin titin Jega, wadda direbobi ke taka burki tun daga nesa saboda farfesun kifinta. Na biyun wani siririn mutum ne da farar riga da jaka a hammata, yana ta sharce gumi.

"Sunana Nasiruddeen, yallaɓai, wakilin kamfanin inshorar takaful daga Sakkwato," in ji shi. "Hajiya ta yi inshorar gidan abincinta a wurinmu. Ta bugo waya ta ce gobara ta cinye madafa da buhunan shinkafa da firiza. Na zo in duba ɓarna, na tarar da rumfa sabuwa fil, an share, an yayyafa ruwa, tukunya na tafasa. Ko gawayi ɗaya ban gani ba!"

"Ranka shi daɗe, ka ji mi shika cewa?" Hajiya Mas'uda ta dafa ƙirji. "Wai ƙarya nika yi! Ni Mas'uda! Gaban direbobi yah hwaɗe ta, yanzu tasha duk ta ɗauka. Tun safe mutum ukku kaɗai sunka zauna cin abinci."

Nan Insifekta ya gane ba rumfa ce ta kawo ta ba. Mace ce da ta yi shekaru tana ciyar da gari da sunanta mai kyau, yau ana nuna ta da baki ana cewa ta so ta cuci kamfani.

"Ku kwantar da hankali," ya ce, ya ɗauki hularsa. "Mu je in ga gobarar da ba ta bar toka ba."

Da suka isa, sai da Insifekta ya yi dariya. Gaskiyar Nasiruddeen ne, rumfar ta yi kyau har ta fi ta da. Sababbin zana, sababbin dirkoki, murhu an yaɓe shi sumul.

"Yaushe wutar ta tashi, Hajiya?"

"Ran Juma'a, maza duk suna masallaci. Ni ko na rufe na tahi gida in yi salla."

"To wa ya gyara nan?"

"Maƙwabta mana! Wa zai gyara?"

Abin da ɗan Sakkwato bai sani ba ke nan. A unguwar nan, in wuta ta kama wa mutum, ba a barin sa ya kwana yana kallon baƙin wuri. Masu ruwa su kashe, masu ƙarfi su kwashe kaya su kai gidajensu ajiya, da gari ya waye a yi gayya a ta da gini, kowa ya dawo da abin da ya ɗauka. Haka aka yi wa Hajiya. Tukwane sun dawo, kwanoni sun dawo, har da wani ludayi da ba nata ba.

Nasiruddeen ya riƙe kai. "Wayyo! Ai ƙa'ida ita ce kada a taɓa komai sai mun zo mun ɗauki hoto."

"A bar ta cikin toka tana jiran mai jaka?" wani mai faci ya jefo daga gefe. "Allah Shi kyauta!"

Insifekta ya tambayi inda aka kai tokar. Aka nuna masa gidan Inna Mu'minatu, tsohuwar da ke bayan rumfar.

Suka yi sallama, ta fito zaure tana gyara mayafi. Da jin maganar toka ta ɓata rai.

"Kai, ɗan nan, kak ka tuna mani! Rumfar duk karan gero ta, nac ce ga tokar miya ta samu banza. Munka kwashe kwando-kwando ni da matan unguwa, munka tace. Da nas saka ga miyar kuka, tsohon gidan ga ya kai loma guda yat tofar. Wai mai na mota nad dafa mai!"

Saje Almu ya juya baya yana ƙunshe dariya. Inna ta shiga ta fito da sauran kwandon. Insifekta ya ɗebi toka mai danshi ya kai hanci, ya miƙa wa Nasiruddeen.

"Ka shaƙa, Malam. Ga gobararka."

Nasiruddeen ya shaƙa, ya yi atishawa. "Na yarda an yi wuta. Amma yallaɓai, wannan ai warin fetur ne."

"Hajiya, kina hura wuta da fetur?" Insifekta ya tambaya.

"Ni? Tun da nika girki, icce da ƙirare na sani."

"To sa wutar nan aka yi," in ji Insifekta.

Murnar da ta fara bayyana a fuskar Hajiya ta koma ciki, domin Nasiruddeen ya gyara jakarsa ya yi ƙasa da murya.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. In dai sa wuta aka yi, kamfani zai fara tambayar wa zai amfana. In mai wurin ce ta sa, ba a biyan komai, kuma kotu za a je."

"La'ilaha illallahu! Da maƙaryaciya, yanzu kuma mai sa wuta?"

Ta zauna daɓas a kan dakalin Inna. Gaskiya abin ya ba Insifekta tausayi, sai ya tsuguna kusa da ita.

"Hajiya, shinkafa tana ƙonewa ta zama toka, zana ma haka. Amma firiza ƙarfe ce. Ko ta ƙone, ina gangar jikinta?"

Ta ɗaga kai. "Lauwali yac ce ta narke, ya kai wa masu gwangwani."

"Wane ne Lauwali?"

"Mai kawo mani icce daga wajen Kebbe. Bawan Allah! Shi yaf fara isowa ga wutar, shi yaj ja gayya. Har zana yak kawo kyauta."

Ba a sha wahalar nemo shi ba. Yana tasha yana sauke itace daga tsohuwar a-kori-kurarsa, wani kakkauran mutum mai yawan fara'a. Da ganin 'yan sanda ya tare su da gaisuwa kamar ya ga surukai.

"Yallaɓai! Ai Hajiya uwa ta gare ni. Da nag ga hayaƙi, ban san sa'ad da naf fito masallaci ba."

"Wane masallaci?"

"Na Juma'a, sahun gaba nike."

"Daga sahun gaba ka riga kowa isowa?"

"Ƙafa gare ni, yallaɓai."

"Firizar fa?"

"Ta ƙone ƙurmus. Na ɗora ga mota tare da tarkace, na ba yaran gwangwani na bayan tasha. Ko sisi ban amsa ba."

"Madalla. Allah Ya saka."

Insifekta ya yi masa murmushi ya wuce. Sai da suka yi nisa ya ce wa Saje, "Mutum yana sahun gaba, mutane sun cika bayansa har titi, amma ya fito ya kuma riga kowa isowa. Ka taɓa ganin haka?"

"Sai dai in tashi ya yi sama, yallaɓai."

Mai sayen gwangwani a bayan tasha, Malam Na'iya, yana zaune cikin tarin tsofaffin ƙarafa yana shan rake. Ya girgiza kai tun kafin a gama tambaya.

"Firiza? Wallahi ba a kawo mani ba. Da an kawo da na yi rawa, tagullar cikinta kaɗai ta isa." Ya tofar da ɓawon rake. "Amma in sanyi kuka nema, ku tahi Fakku, can wajen Kebbe. Direbobin Kebbe na ta labari, wai an buɗe shagon ruwan sanyi da ƙanƙara. Sai dai in ka sha, awa ka lashi kwandon masunta. Ƙarnin kifi! Kyanwoyin garin duk sun tare ƙofar shagon."

"Shagon wa?"

"Ƙanen wani mai icce aka cewa."

Insifekta ya kalli Saje, Saje ya kalli Insifekta. Nan take ya buga wa ofishin 'yan sanda na Kebbe waya ya sanar da su zuwansa, ya sa aka kira Hajiya da Nasiruddeen. Ya kuma aika a ce wa Lauwali ana roƙon ya kai su Fakku da motarsa, wai ta ofis ba mai. Lauwali ya so ya ce taya ta yi faci, amma Saje ya riga ya zauna a gaba.

Haka suka ɗunguma gaba ɗaya daga Tambuwal zuwa Fakku.

Shagon yana bakin kasuwa, ɗan janareta na ta ƙugi a gefe, mutane sun yi layi da kuɗinsu a hannu. Kyanwoyin ma suna nan, ba ƙarya Na'iya ya yi ba. A ciki ga firiza an shafe ta da shuɗin fenti, ko bushewa bai gama ba.

"Ta wa ce wannan, Lauwali?"

"Tawa ta, yallaɓai. Daga Jega nas sawo."

Hajiya ta ɗaga murfin, ƙarni ya bugi kowa. "Kifina na Kebbe! Ko cikin barci na san shi!"

"Kifi ai kifi na, Hajiya," in ji Lauwali. "Mai ita na da ma kifi shika sa wa."

A nan ne Nasiruddeen ya yi abin kirki. Ya zaro wayarsa yana latsawa da sauri.

"Yallaɓai, ranar da muka yi mata inshora na ɗauki hoton kowane kaya. Dubi nan, gefen hagu ya lotsa."

"Ragona na layya yat tunkuye ta," in ji Hajiya.

Saje ya juya firizar. Ga lotsawar nan a gefen hagu, har da shatin ƙaho, fenti bai ɓoye komai ba.

Lauwali ya dubi ƙofa, ya ga wani kurtu daga ofishin Kebbe ya cika ta. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa ya cire hula.

"Yallaɓai, ni na. Ban tahi masallaci ba. Da nag ga ta rufe, nad ɗora firiza ga mota, nal lulluɓe da icce, naz zuba mai ga zana. Nak kewaya bayan tasha, nad dawo ina kuwwa."

"Gayyar fa?"

"Don a share wuri maza, kada a nemi ƙarfen."

"Me ta yi maka?"

"Wallahi ba ta yi mani komi ba! Ji nay yi an ce duk abin da wuta tac ci, kamfani ka sawo mata sabo. Nac ce to ita da sabuwa, ni da tsohuwa, wa yay yi hasara?"

Nasiruddeen ya yi tsalle kamar an taka masa yatsa. "Kamfani daga sama yake samo kuɗin? Gudummawar masu tuwo da masu shayi da masu gasa nama ce ake tarawa, don a ɗaga wanda tsautsayi ya faɗa wa. Su ka yi wa sata, ba mu ba!"

Saje ya sa masa ankwa. Amma Hajiya ta tare ƙofa.

"Ranka shi daɗe, alfarma guda. Kak ku wuce da shi caji ofis sai kun biya ta tasha."

Haka kuwa aka yi. La'asar sakaliya suka shigo Tambuwal, Saje na tuƙi, firiza ɗaure a baya, yara na bin motar da gudu. A gaban gidan abincin aka tsaya. Direbobi da 'yan kamasho da matan unguwa suka yi cincirindo.

"Hwaɗa musu," in ji Hajiya.

"Ni nas sa wuta," Lauwali ya ce, kansa a ƙasa.

"Ban ji ba. Na can bakin titi ma ba su ji ba."

"Ni nas sa wuta! Hajiya ba ta san komi ba!"

Inna Mu'minatu ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Nasiruddeen ya hau kan benci ba wanda ya sa shi, ya ce shi ma yana da magana. Ya ce ya yi wa Hajiya mummunan zato a bainar jama'a, a bainar jama'a yake neman gafararta, kuma da rahoton Insifekta kamfani zai biya shinkafarta da rumfarta.

Hajiya Mas'uda ta tsaya tana dariya, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Na yafe maka, Malam. Sauka kak ka karya mani benci." Ta juya ga taron. "Ku kuma mi kuka tsaye kallo? Ku zauna! Yau ba mai biyan ko kwabo!"

Kan ka ce me, benci ya cika, wasu a tsaye, wasu a kan tabarma. Insifekta Gazali ya kama hannun Lauwali ya nufi caji ofis da shi a ƙafa, suna ratsa mutane. Sun kai bakin titi sai ga muryar Hajiya ta biyo su.

"Ranka shi daɗe! In ka rufe shi ka dawo, kan kifin naka na. Shi ma a aiko a amsar mai tuwo, ba a kwana da yunwa ga garin da nika girki!"