Wane Tattalin?

Ranar da Mujitaba ya fara ganin Rufaida, kuka take yi a gaban allon sanarwa na kwalejinsu, ta duƙunƙune takardar shiga makaranta a hannu kamar za ta yaga ta.

"Baiwar Allah, lafiya?"

Takardar kawai ta miƙa masa.

Ita 'yar Doguwa ce, 'yar Malam Gwadabe manomin masara. Tun tana yarinya take damun mutane da tambaya: me ya sa masarar babanta ba ta da daraja da kaka, sai ta bar hannunsa sannan ta yi tsada? Burinta ta yi difloma ta shekara biyu a fannin tattalin arziki, daga nan ta shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. To amma Malam bai yarda 'yarsa ta shiga shagon kwamfuta cikin maza ba, shi ya je cike mata fom. Mai shagon ya ce me za ta karanta? Malam ya ce, "Tattali." Mai shagon ya ga hoton mace, sai ya danna mata tattalin gida.

Mujitaba ɗan Ƙafin Maiyaki ne, yana shekararsa ta biyu a fannin da take so. Ya ce ta jira shi, ya shiga ofis ya tambayo mata. Jami'ar da ke ciki ba ta ɓoye masa komai ba: hanya ɗaya ce, yarinyar ta koma gida, baɗi ta sake nema.

Ya fito ya hango ta tana share hawaye da gefen hijabi. Ya tuna nisan Doguwa, ya tuna baɗi shi ya bar makarantar. A nan ya yi abin da ni dai har yau ban ga kyansa ba.

"An ce ba matsala," in ji shi. "Ki zauna. In kika ɗauki kwasa-kwasanmu a matsayin na zaɓi, jami'a za ta karɓe ki."

Ya zauna ya zana mata tsari a takarda: lissafi a zangon farko, ƙididdiga a na biyu, gabatarwar tattalin arziki a na uku. Ta manna takardar a cikin murfin akwatinta. Da safe tana ɗinki da girki, da yamma tana fama da lissafin da 'yan ajinsu ko kallonsa ba sa yi. Shi ke koya mata a ƙarƙashin darbejiya, tana ce masa Malamina, yana ce mata Minista.

Ya tafi jami'a, soyayya ta koma waya.

"Minista, kin ci abinci? Kar ki rame kafin a rantsar da ke."

"Malamina, na cinye ƙididdiga. Saura kwas ɗaya in biyo ka. Ka kama min kujera kusa da taka."

Duk sanda ya karanta irin wannan sai ya yi niyyar gaya mata gaskiya, ya fasa. Yana ta ce wa kansa wataƙila a dace.

Ba a dace ba. Ta gama da sakamako mafi kyau a ajinsu, ta kai takardunta jami'a, mutumin da ya karɓa ko jerin kwasa-kwasan bai duba ba. Kan takardar ya nuna mata da biro.

"Tattalin gida aka rubuta a nan, 'yata. Wa ya ce miki ana shiga da wannan?"

Daga tasha ta kira Mujitaba. "Malamina, ka zo mu koma ofishin nan na kwaleji, su maimaita abin da suka gaya maka."

A nan ya fito mata da gaskiya.

"Ba su faɗa ba, Rufaida. Cewa suka yi ki koma gida ki sake nema. Ni ne na ji tsoron in kin tafi shi ke nan."

"Shekara biyu, Mujitaba."

"Wallahi sonki ne..."

"Kanka ka so. Ni ai ko sunana ba ka sani ba a ranar."

Ta kashe wayar. Wata huɗu ba ta sake ɗagawa ba.

Da labari ya kai kunnen Malam Gwadabe, ya rantse yaron nan ba zai taka masa zaure ba. Ga kuma Zailani, mai sayen hatsi a kasuwar Tudun Wada, ya fito neman aurenta da ƙarfinsa, yana cewa mace mai takardar tattalin gida ai ita ce matar aure, me kuma ake nema a jami'a? Wannan maganar ita ta kashe shi a wurinta.

Mujitaba bai turo kowa ba, da kansa ya hau mashin ya zo Doguwa, ya durƙusa a ƙofar gida.

"Baba, ban zo kare kaina ba. Na cuce ta, ina sane."

Malam ya dube shi ya ce, "Kai ka yi ƙarya, ni na yi ƙwauron kalma ɗaya. Da na ce tattalin arziki, da ba ta haɗu da kai ba ma. Ita muka cuta, ita za ta yanke."

Rufaida ta fito ta tsaya daga soro, ba ta ce masa ya tashi ba.

"Ina sonka, kuma haushin kaina nake ji da hakan," ta ce. "Zan sake jarrabawa in fara daga aji ɗaya. Fom da hannuna zan cike. Kai kuma ko jadawalin shara kar ka sake zana min."

"Na yarda, Minista."

"Rufaida sunana."

Bayan an sare masara aka ɗaura aure. Yana ajin ƙarshe, ita kuma tana jiran sakamakon jarrabawa tare da ƙannen bayanta. Da ake shirya mata kaya ta ɓamɓare takardar nan daga murfin akwati, ta ninke ta, ta sa a jaka. Ba ta yaga ba, ba ta kuma gaya wa kowa dalili ba.

Da mota ta tsaya a ƙofar gida, gwaggonta Furera ta riƙe mata hannu tana yi mata nasiha.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, ya ba ku zaman lafiya. Aure ba komai ba ne sai tattali. Ki riƙe tattali da kyau."

Mata suka amsa da amin. Daga cikin mayafi Rufaida ta ɗago ido jawur.

"Wanne, Gwaggo?" ta ce. "A riƙa faɗa ana ƙarasawa."