Gero a Bayan Motar Alhaji

Alhaji Abdulmutallib bai yi sallama ba da ya shigo komisariya, ofishin 'yan sanda. Turarensa ne ya riga shi shiga. A bayansa 'yan sanda na jan Inusa, direbansa, wani dattijo mai furfura.

"Shef, ga ɓarawon motata V8, fara sol," in ji Alhaji. "A kulle shi."

Sufeto Zakariya'u ya san shi, kamar yadda duk Maradi ta san shi. Attajirin unguwar Zariya ne da ba ya ba da sadaka sai in akwai mai ɗaukar hoto a kusa.

"Mi ya sa ka ce shi ne?"

"Lakile ɗaya gare ta, kuma ga ta a aljihunshi. Aljani ya tada motar?"

"Mota irin wagga da lakile ɗaya?"

"Haka Hafizu dillali ya kawo min ita daga Lome. Yaron kirki, ba irin wanga ba."

Sufeto ya karɓi lakilen, wato makullin motar, ya jefa a aljihunsa.

A ɗakin tambaya Inusa ya rantse yana masallaci lokacin da motar ta ɓace. Sufeto ya tura a tambaya. Ashe wurin mai tsire yake a Sabon Gari.

"Don mi ka yi min ƙarya, Baba?"

Inusa ya sunkuyar da kai. "Tsoro, ranka shi daɗe. Tun safe ban ci komi ba. Daga Tsibiri muka dawo, rabon zakka, na sauke Alhaji gida."

"Zakka a V8? Ba Alhaji ke da kamiyo na ɗaukar kaya ba?"

"Yana da su. Amma ya ce in kamiyo ya kai gero, wa zai san nashi ne? Har buhu ɗaya ya fashe a baya, ya zage ni tas a gaban mutane. Ranka shi daɗe, in na tahi kaso, ɗiyana ba su da kowa."

Sufeto bai yi masa alkawarin komai ba. Makulli a hannunsa aka same shi, ga kuma ƙaryar da ya yi. Idan motar ba ta fito ba, gidan kaso zai tafi.

Kwanaki suka shuɗe, babu mota babu labarinta. Ran nan sai ga wayar Alhaji.

"Shef, ku ci gaba da barcinku. Hafizu ya samo min wata, baƙa wul, jiya ta sauka daga Lome. Ba ta taɓa shan ƙasar Nijar ba. Yau zan duba ta a Jiratawa."

"Mi ya kai sabuwar mota Jiratawa?"

"Ya ɓoye ta ne don kar 'yan baƙin ciki su riga ni."

Maganar ba ta kwanta wa Sufeto ba. Ya sa aka fito da Inusa da ankwa a hannu, aka saka shi a motar 'yan sanda, suka kama hanya.

A wani kango a bayan gari suka tarar da ita ƙarƙashin bishiyar bedi, tana ta ƙyalli, tayoyinta ma an shafa musu mai. Hafizu na tsaye kusa da ita da baƙin tabarau, matashi mai zaƙin baki wanda kowane Alhaji babansa ne. Da ya hango kakin 'yan sanda sai murmushinsa ya ɗan ƙage, sannan ya dawo.

Alhaji ya fara dubawa irin tasu ta manya. Ya shiga baya ya baje babbar riga. Ya sa aka kunna kilima, sanyi ya busa har ya yi atishawa. Ya sa aka danna oda, ya saurara da ido rufe kamar mai sauraron wa'azi. Injin kuwa ko kallonsa bai yi ba, balle ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Wa zai sa shaddarsa a turɓaya?

"Kai, Hafizu! Kujerar ga kamar don ni aka yi ta. Ta fi waccan tsohuwar nesa ba kusa ba."

"Ai Baba, wani likita Bature ke da ita. Coci kawai yake zuwa da ita."

Sufeto ya zagaya motar. Ya shinshina gefen ƙofa.

"Warin fenti nake ji."

"Man goge mota ne, Shef. Mun wanke ta ciki da waje."

"Takardunta fa?"

"Suna duwan, wurin 'yan kwastan, gobe za su fito."

"Lakile nawa ta zo da su?"

"Ɗaya, Shef. Haka suke zuwa."

"Buɗe min baya."

Hafizu ya buɗe. Wurin kaya tsaf yake, sai ɗan danshi. Sufeto ya kama gefen shimfiɗar ya ɗaga.

A ƙarƙashinta, cikin lungun da ruwan wanki ya kwanta, wasu siraran tsirrai ne farare suka fito cunkus, sun lanƙwashe don rashin rana. Ya tsinko ɗaya. Ƙwayar tana manne da saiwar.

"Hafizu, likitan nan naka gero yake kai wa coci?"

"Wata... wata ciyawa ce ta bakin teku, Shef."

"Ni ɗan manomi ne. Alhaji, zo ka ga zakkarka ta tsiro."

Alhaji ya sauko yana huci. "Wane irin wulaƙanci ne wanga? Ni ban san motata ba? Tawa fara ce!"

Sufeto ya zaro makullin da ya karɓa ranar farko, ya ɗaga shi sama ya danna. Baƙar motar ta yi ƙyat, fitilunta suka ƙifta.

Bakin Alhaji a buɗe.

Hafizu ya cire tabarau, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Lakile biyu ta zo da su," in ji shi. "Na riƙe ɗaya tun farko. Na bi su daga Tsibiri, da tsohon ya sauka na ɗauke ta. Na kai aka sauya mata fenti."

"Kuma ka rasa wanda za ka sayar wa sai mai ita?"

"Shef, wani zai zo da makanike. Shi kuwa bai taɓa duba komi ba sai kilima da oda. In dai mutane za su ce ya yi sabuwa, ya saya."

"Tsohon da ka bari a kulle fa?"

Hafizu ya kau da kai.

Sufeto ya kwance ankwar daga hannun Inusa, ya ɗaura wa Hafizu tun ɗuminta bai huce ba.

Alhaji ya gyara hula, ya zagaya motar yana shafa ta. "Amma fa baƙin ya yi mata kyau. Shef, maganar ga ta tsaya nan, sai a ce sabuwa ce." Ya karɓi makullin ya cilla wa Inusa ko kallonsa bai yi ba. "Kai, tada mota mu tahi."

Inusa ya dubi makullin, ya dubi sawun ankwa a wuyan hannunsa. Ya taka a hankali ya ajiye shi a kan motar.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa Sufeto, "ko za ku rage min hanya zuwa gari?"

"Shiga gaba, Baba."

Aka tura Hafizu baya, motar 'yan sanda ta tashi. Ta madubi Sufeto ya hango Alhaji tsaye cikin rana yana juya makulli a hannu. Duk Maradi ta san bai iya tuƙi ba.