Ƙararrawar Santa Rita

Cikin dare ƙararrawar cocin Santa Rita ta kama bugun mutuwa, uku-uku, alamar namiji ne ya rasu. Seu Onofre, tsohon da aikinsa ne kaɗa ta, ya tashi zaune a gadonsa. Ya san hannun. Ɗansa Jurandir kaɗai ke jan bugu na uku haka.

Tun da magaribar ranar Jurandir da wasu biyu suka haɗu a kangon gidan narka zinariya, inda yanzu jemagu ke mulki. Ogansu Valdomiro ya ajiye bindiga bisa taga.

"Gumakan mala'iku biyu na bagadin cocin kawai. Mai saye na jira a birni."

"Katako ne fa, oga," in ji Jurandir. "Zinariyar jikinsu ko kaurin ɓawon albasa ba ta kai ba."

"Kawo makullin tsohonka, ka rage wa'azi."

Ya kawo.

Suka shiga ta ƙofar hasumiya. Tião, na ukunsu, ya ɗaure mai gadi. Ƙarfen ɓamɓara ya shiga bayan mala'ika—ƙaras! Fiffike ya karye. Mai gadi ya ɗago kai.

"Jurandir? Kai ne, ɗana?"

Valdomiro ya saita bindiga. Jurandir ya sha gabansa.

"Oga, shi ya riƙe ni ranar baftisma—"

Tau!

Suka kwashi mala'ikun, suka kulle ƙofa ta waje. Jurandir ya dafe cikinsa, ya hau matakala da rarrafe, ya kama igiyar ƙararrawa.

A garin nan ba a jin bugun mutuwa a ci gaba da kwanciya. Mutane suka fito da fitilu, kowa na cigiyar mamacin, suka cika siririn titin dutsen. Motar Valdomiro ta maƙale tsakiyar tsofaffi, mala'iku na leƙe ta gilashin baya. Sajan ɗin 'yan sanda ya iso da silifas.

"Kashe motar, Valdomiro. Na gaji, kai ma ka gaji."

Aka ƙwato makulli. Seu Onofre ya hau hasumiyar, yana hutawa a kowace kwana. Ƙararrawar ta riga ta yi shiru a kan bugu na biyu. Ya tarar da ɗansa jingine da bango, igiya naɗe a hannu, jikin ya fara sanyi. Ya warware ta a hankali, ya ƙarasa na ukun.

Da ya sauko, maƙwabciyarsa Dona Zulmira ta kama hannun rigarsa.

"Seu Onofre, wai wa muka rasa?"