Manomin da Ba Shi da Waya

Ranar da Ghali ya fara ganin Rufaida, hannunta ya fara gani kafin fuskarta. A wani ɗakin taro ne a Tudun Wada, su tara zaune kowa da kwamfutarsa a gaba. Ƙungiyar manoman rani ta wani ƙauye a gefen Tiga ce ke neman mutum ɗaya da zai rubuta mata manhaja. Injinan ban-ruwa huɗu ne da ƙungiyar, manoma kuwa sun haura ɗari biyu, kullum ana rigima a kan wanda layi ya zo kansa. Ana so manhajar ta tsara layin, ta kuma tura wa kowa saƙo a waya ranar da zai karɓi inji.

Malam Muhuyi, sakataren ƙungiyar, ya ce awa biyu za a yi, kuma kowa ya rubuta da kansa, ban da AI. Sai wata yarinya mai mayafi ruwan toka ta ɗaga hannu.

"Malam, manomin da ba shi da waya fa?"

"Ke dai yi abin da aka ce," in ji Malam Muhuyi. "Wa ya rage ba shi da waya yanzu?"

Aka yi dariya. Ghali bai yi ba, domin a lokacin yana kallon farin allon kwamfutarsa ne. A makaranta shi ne wanda ake layi a bayansa ya duba wa mutane kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi. Amma shekara biyu ke nan bai rubuta layi goma da kansa ba. Faɗa wa AI yake yi abin da yake so, ta rubuto, ya kwafa. Yau ya ɗora yatsu, abin da ya sani kamar sunansa ya ƙi zuwa. Ya jira Malam Muhuyi ya fita amsa waya, ya buɗe shafin AI a ɓoye. Cikin minti arba'in ya gama.

A waje, ƙarƙashin dalbejiya, ya tarar da ita tana ƙoƙarin zuge jakar kwamfuta da zif ɗinta ya ci. Ya karɓa ya gyara mata.

"Kai ne ka fita tun muna rabi," ta ce. "Da kanka ka rubuta duk wannan?"

Ta ɗago ido tana murmushi, ba zargi a ciki ko kaɗan. Da zargi ne, da wataƙila ya faɗi gaskiya.

"Da kaina," in ji shi.

"Tabarkalla. Ashe har yanzu akwai gwanaye."

Shi aka ɗauka. Ita ta koma shagon buga takardu da take aiki a bakin kasuwar Tudun Wada, tana buga wa mutane katin biki da takardar neman aiki. Wannan ne karo na shida da ta nema ba ta samu ba. Duk inda ta je sai a ce ba a ɗaukar masu farawa yanzu, aikin da za su yi na'ura ta riga ta yi.

Ghali kuwa sai takardun bugawa suka yi masa yawa. Daga Kiru yake hawo acaɓa ya zo a buga masa shafi ɗaya. A zuwa na huɗu ta ce, "Malam Ghali, duk Kiru babu firinta ne?"

"Akwai. Tawadarsu ce ba ta kai taku ba."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Daga ranar ta sa masa suna Gwani.

"Gwanina, ka isa gida lafiya? Na ce wa mahaifiyata, Inna Hajara, akwai wanda ya kayar da ni a jarrabawa, kuma ban ji haushi ba. Ta ce to a kawo mata shi ta gani."

Ya karanta saƙon sau uku. Daɗi ya zo, kunya ta biyo bayansa. Ya rubuta, "Rufaida, akwai maganar da nake so in faɗa miki." Ya goge. Ya tura, "Lafiya lau, farin cikina. Ki gaishe da Inna."

Sai da ya fara zuwa zance ya gane ƙauyen da yake wa aiki shi ne ƙauyensu, kuma mahaifinta, Malam Ɗanasabe, na cikin dattawan da suka kafa ƙungiyar. Mutum ne marar yawan magana, yana ɗan saurayi aka taso su daga tsohon garinsu lokacin da ruwan dam ya zo. Ya karɓi gaisuwar Ghali da kyau, ya ce ya turo manyansa bayan an kwashe tumatir.

Manhajar ta fara aiki a farkon sanyi. Kafin a kunna ta, Ghali ya ce wa AI ta tsabtace jerin sunaye, ta cire duk abin da ya maimaitu. Ta rubuto, ya ga ya yi aiki, bai karanta ba. Saƙonni suka fara shiga wayoyi, Malam Muhuyi ya yi ta yabo.

Kwana goma sha biyu bayan nan, da hantsi, wayarsa ta yi ƙara.

"Gwani, kana ina? Na zo gida na tarar tumatirin Baba ya kwanta gaba ɗaya. Tun da aka fara sabon tsari ba a ba shi inji ba. Ya je ofis sau ɗaya, an ce babu sunansa, ya jira a gyara. Ka san shi, bai sake komawa ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Don Allah ka duba."

Su goma sha bakwai ne sunansu ya ɓace, duk tsofaffi. Malam Muhuyi ya ɗauka 'yan ƙorafin da aka saba ne, shi ya sa bai kira Ghali ba.

Ghali ya je har gona. Malam Ɗanasabe na tsaye a bakin kwamin tumatirinsa, hannu a baya. Dashen ya yi rawaya ya manne da ƙasa, ga ruwan dam can yana ƙyalli, tafiyar minti biyar. Ghali ya durƙusa.

"Baba, sannu. Allah ya mayar da alheri."

"Amin." Ya kalli dashen. "Ba tumatirin ba ne, yaro. An sha yin asara. Na tsaya a gaban Muhuyi, wanda a gabana aka raɗa masa suna, ya juyo mini da allo ya ce, Baba, ba ka ciki. Gidan da aka haife ni yana ƙarƙashin ruwan can. Na ɗauka sau ɗaya ake share mutum." Ya dube shi. "Kai ka yi abin nan?"

"Ni ne, Baba."

"To me ya cire ni?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ka yi abu, ba ka san cikinsa ba," in ji tsohon a hankali. "Ka ce wa manyanka su dakata tukuna."

Kwana biyu ya yi a ofishin ƙungiya yana fama. Ya gaya wa AI sunaye sun ɓace, ta ba shi gyara, ya saka, babu canji. Ta ba shi wani, ya lalata tura saƙo. Yana kallon ɗaruruwan layuka da sunansa a sama, kamar wasiƙar da wani ya rubuta aka ce ya sa hannu. A waje kuma ya ji ana cewa Rufa'i mai shagon taki, wanda ya daɗe yana son Rufaida, ya aika wa Malam Ɗanasabe sabon iri kyauta.

Saƙonta ya shigo. "Kada ka damu da maganar Baba, zai huce. Na gaya masa in akwai wanda zai gano matsalar, kai ne. Na yarda da kai, Gwanina."

Wannan saƙon ne ya ƙarasa shi. Ya rufe kwamfuta, ya nufi gidansu bayan la'asar.

Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa. Bai sha ba.

"Rufaida, ki daina ce mini Gwani."

"Me ya faru?"

"Ranar jarrabawa kin tambaye ni ko da kaina na rubuta. Ba ni ba ne. AI ce ta rubuta, ni kwafa na yi. Aikin nan naki ne na ɗauke. Manhajar ma haka na yi ta, ban karanta rabinta ba. Kwana biyu ina nema, ban san inda zan duba ba. Na iya a da, wallahi na iya. Na sake shi ne har ya sake ni."

Ta janye ruwan gefe.

"Wata huɗu," ta ce. "Ka san ranar da sakamako ya fito me na yi? Na tattara littattafaina na sa a ƙarƙashin gado. Na ce tunda akwai mai gamawa a minti arba'in ni ban gama a awa biyu ba, kaina ne bai kai ba. Kana zaune ina faɗa maka haka a shago, ka ce in yi haƙuri, rabo ne."

"Na tuna."

"Ni ma ina amfani da AI, Ghali. Wa ba ya yi? Ba ita ce ta yi mini ƙarya a ƙarƙashin dalbejiya ba."

Ba ta taɓa kiran sunansa haka tsirara ba. Ya sunkuyar da kai. Ta share ido da bayan hannu, ta miƙo ɗaya hannun.

"Ba ni kwamfutar. Ba don kai ba. Akwai mutum goma sha shida da nasu bai gama mutuwa ba."

Ta bi layukan da yatsa, leɓɓanta na motsi. Ba a yi minti goma ba ta tsaya, ta juyo masa da allon.

"Karanta nan. Da ƙarfi."

Ya karanta, da in'ina kamar ɗan aji ɗaya. Yana kaiwa ƙarshe ya gane. Manhajar da lambar waya take gane mutum. In lamba ɗaya ta fito sau biyu, sai ta bar na farko ta goge sauran.

"Baba ba shi da waya," ta ce. "Lambar ƙanensa, Kawu Audu, ya bayar. Shi da maƙwabtansu biyu. Ita na'urar ina za ta san haka? Ba ta taɓa zuwa garinmu ba. Kai ka zo."

Sai ya tuna hannun nan da aka ɗaga, da dariyar da aka yi.

Ta gyara, ta miƙa masa, ta shige gida ba sallama.

Washegari Ghali ya roƙi Malam Muhuyi ya tara shugabannin ƙungiya da tsofaffin nan goma sha bakwai. Ya tsaya a gabansu ya faɗi komai, tun daga ɗakin jarrabawa. Ya ce wadda ta gano matsalar ita ce ta yi tambayarta tun ranar farko, kuma ita ta cancanci aikin. Malam Muhuyi ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi ma yana da nasa kason, shi ya ƙi amsa mata tambayarta. Aka ba Rufaida aikin. Ghali ya fito ba shi da komai, amma rabon da ya ja numfashi ya cika masa ƙirji haka tun kafin ya san ta.

Da safe ya bayyana a gonar Malam Ɗanasabe da wandon aiki. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, bai ce ya tafi ba, ya nuna masa fartanya. Irin Rufa'i suka dasa, Ghali na sane, ya kuma dasa shi da kyau. Hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Da yamma ya koma Kiru ya buɗe tsofaffin littattafansa, ya rubuta ɗan ƙaramin kod da kansa, ya tura mata. Kwana tara ba amsa. A na goma ta rubuto:

"Layi na sha huɗu ba daidai ba ne. Sake."

Ya yi ta kallon saƙon yana dariya shi kaɗai, har ƙanwarsa Habiba ta tambaya ko lafiya.

A hankali gyaran ya riƙa tsawo, har ya fara zuwa da gaisuwa. Wata rana ta rubuto, "Yau babu kuskure. Na duba sau biyu don in samu, ban samu ba. Ka ci abinci kuwa, ɗalibina?"

"Malamata, ko kin yafe?"

"Na yafe tun ranar da ka tsaya gaban su Baba. Na bari ne ka gama dashe."

Ranar da aka cika kwandon farko, Malam Ɗanasabe ya zauna a kan kunya, ya ce, "Rufa'i yaron kirki ne, amma na tambaye ta, ta ce ba shi ba. Ni kuma ba na karɓar abu ban duba cikinsa ba. Wata uku ina duba ka. Ka turo Baffanka."

An sa rana bayan ƙaramar Sallah. A lokacin wata ƙungiyar masunta ta nemi irin manhajar, Rufaida ta ce za ta karɓa in za a bar ta ta zo da mataimaki. Suna amfani da AI kamar kowa, sai dai doka ɗaya ta kafa: ba layin da zai shiga sai ɗayansu ya karanta wa ɗayan, ya faɗi abin da yake yi.

Ƙungiya ta ba da izini a tura gayyatar ɗaurin aure ta manhajar. Ghali ya rubuta wannan ɓangaren da hannunsa. Dattawa na zaune a ƙofar gidan Malam Ɗanasabe da hantsi sai wayar Kawu Audu ta yi ƙara. Ta sake. Ta sake, ta kuma sake.

"Kai, wannan abu ya sake lalacewa!" in ji shi.

Aka miƙa wa Ghali ya duba. Ya durƙusa ya karanta: na farko na Kawu Audu, biyu na maƙwabta, na huɗu kuma, "Zuwa ga Malam Ɗanasabe."

"Ana gayyatata auren 'yata?" in ji tsohon. Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya karɓi wayar, ya riƙe ta nesa da ido, ya daɗe yana kallon sunan da ba ya iya karantawa da boko. "Ina ciki ke nan."

"Kana ciki, Baba."

Ranar Asabar aka ɗaura, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Ghali na tsakiyar masu yi masa murna saƙo ya shigo.

"An ce an ɗaura. Allah ya ba mu zaman lafiya, Gwanina. Yanzu na san wanda nake kira."

Ya karanta shi a hankali, har ƙarshe, bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Allah ya sanya albarka, ya kawo zuri'a ɗayyiba.