Yashi a Cikin Batir

Da safiyar Litinin Rabi'u ya zaro batir daga akwatin caji na Maman Caleb a Gyaɗi-Gyaɗi, ya saka wa kekensa, ya murza makulli, keke ya yi masa shiru. Ya sake cirowa ya girgiza, sai ga yashi yana zubo masa a takalmi. Kafin Sufeto Safiya ta iso daga ofishin 'yan sanda na Tarauni, an gano batura shida duk haka suke: ƙwarya ta kamfani, ciki yashin gini.

Safiya ta tsani ƙarar da jama'a suka riga suka yanke wa hukunci, kuma wannan irinta ce. Rabin 'yan adaidaita sun kama sunan Lawan mai bumburutu, mai sayar da fetur a jarka, rabi kuma suna hararar Rabi'u. Ta kore su gefe ta zagaya wurin. Rumfa ce a ƙofar gida, fayafayan sola sun rufe saman kwano, ga akwatin ƙarfe mai aljihuna kamar durowa. Ba a ɓalle ko kwaɗo ɗaya ba.

Maman Caleb, wato Malama Lydia, ta bar koyarwa bayan rasuwar mijinta Bitrus, ta zama wakiliyar kamfanin kekuna masu lantarki. Ta yi wa Safiya bayanin sana'ar kamar tana gaban allo. Batir na kamfani ne, direba haya yake yi, ya kawo wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke, wakili ya samu kasonsa. Yanzu kasuwa ta buɗe, kamfani zai gina babbar tasha har da ta bas-bas, amma wakili ɗaya zai ɗauka a duk Tarauni: ko ita, ko wani Alhaji mai tasha a Darmanawa. Kuma a ƙa'idarsu, inda aka yi sata kwashe akwatin ake yi.

"In suka ɗauke, ba ribar ce ke damuna ba," in ji ta. "Yaran nan masu keke su ne hayaniyar gidana. Caleb yana Legas, sai a yi wata ban ji muryarsa ba."

Safiya ta san wannan shirun, don ita ma a tsaye take cin abincin dare a ɗakinta na bariki. Sai ta mayar da magana kan aiki. An rufe tashar jiya Lahadi tun da safe, Lydia ta tafi coci, ta zarce taron zumuntar mata har la'asar. Akwatin kuwa, in aka buɗe aljihu ba da katin direba ba, jiniya yake yi da za ta tara unguwa. Ba wanda ya ji komai.

Safiya ta fara da tambayar Rabi'u, tunda ya taɓa yi wa Lydia rashin kunya kan batir mai saurin ƙarewa. Ya amsa laifin bakinsa. Amma jiya tun asuba ya kai 'yan biki Mariri, caji ya ƙare masa a hanya, ya wuni yana tura keke a rana. Masu bikin sun tabbatar ta waya, har da ƙorafin sun ƙarasa a ƙafa da gwaggwaro. Ta sallame shi.

Lawan yana zaune bayan jarkokinsa a tsallaken titi, ya ƙi ko gyara zama.

"An ce ba ka son tashar nan."

"Ba ƙarya aka yi ba, ranki ya daɗe. Duk keken da ya koma lantarki, tuwona ya ragu."

"Ina kake jiya da hantsi?"

"Ina shagon Murtala mai aski, muna kallon ƙwallo. An ba mu wuta tun safe har magariba ba ƙyaftawa, wa zai tashi?"

Murtala da mutum biyar sun shaida. Lawan mai baƙin ciki ne, amma a fili yake yin abinsa, kuma ko buɗe aljihun akwatin bai iya ba.

Rana ta take, bincike ya tsaya cik. Lydia ta shigar da Safiya ɗaki, ta buɗe firiza ta miƙo mata zoɓo a leda, irin wanda take sayar wa direbobi. Ta ba da haƙuri cewa bai daskare sosai ba, jiya ta dawo ta tarar duk ya narke, an ɗauke wuta.

Safiya ta tsaya da ledar a hannu. Ta tambayi daga ina firizar take shan wuta. Daga solar tashar, in ji Lydia, gidan ma gaba ɗaya, rabonta da wutar gari tun bara. Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa.

"Wa ya ce miki an ɗauke wuta?"

Lydia ta daɗe tana kallon babban makunnin da ke bayan ƙofa kafin ta ce Godwin ne, ɗan ƙanen mijinta, mai gyaran lantarki. Bara ta faɗi a ɗakin nan ta kwana biyu ba wanda ya sani, shi ya sa ta ba shi makullin gida. Tun daga nan kullum da yamma yana zuwa su ci tuwo tare. Shi kaɗai ke zuwa.

Safiya ba ta aika a kamo shi ba, ta jira shi. Da la'asar sakaliya ya shigo da fara'arsa da ledar lemo, ya rusuna ya gaida Mama.

"A ina kake aiki, Godwin?"

"Nan da can. Wani lokaci Darmanawa."

"Tashar Alhaji?"

"Ina duba masa waya, shi ke nan."

"Jiya kana coci?"

"Ina baya. Mama tana gaba cikin mata, ba za ta gan ni ba."

"Kai ka ce mata an ɗauke wuta."

"To ai kullum ɗaukewa ake yi."

"Jiya ba a ɗauke ba. Ko an ɗauke, gidan nan bai san da wutar gari ba, kuma kai ka ja masa waya."

Ta warware masa sauran a hankali. Jiniya ba ta mutuwa sai an kashe babban makunni, makunnin yana cikin ɗaki a kulle, makulli biyu ne kacal. Ya kashe, ya sauya baturan da ƙwaryar matattun batura cike da yashi daga Darmanawa, ya mayar da wuta. Abin da ya manta shi ne tsohuwar firizar ba ta tashi da kanta sai an danna mata. Da ya zo cin tuwo ya tarar da zoɓo a narke, sai ya jefa uzurin da kowa a garin nan yake karɓa ba tambaya.

Godwin bai musa ba. An yi masa alkawarin manajan babbar tasha in ta faɗa hannun Alhaji. Kafin magariba an ɗauko baturan shida daga bayan shago a Darmanawa, wakilin kamfani ya ce akwatin Lydia yana nan daram.

Safiya ta koma ta kai mata labarin da kanta, ko da yake waya ma ta isa. Ta tarar da direbobi sun watse, Lydia na zaune a tsakar gida, makullin Godwin a cinyarta. A kan tabarma kwano biyu ne a rufe, don hannu ya riga ya saba zubawa.

"Tashar ta tsira, Mama."

"Na gode, 'yata." Ta dubi kwano na biyu. "Kin ci abinci?"

Safiya ta buɗe baki za ta ce ta ƙoshi, kamar yadda take faɗa wa kowa. Sai ta cire takalminta ta zauna.