Garin da Aka Ci Ranar Juma'a

Da safiyar Asabar aka kawo wa Insifekta Barka ƙarar, ko rabin shayinsa bai sha ba. An shiga shagon intanet na Haj Lukman a unguwar Mahdiya jiya Juma'a, an ɗauke ɗan akwatin da ke kawo layi. An riga an kama mai tsaron shagon, wani ɗan Nijar mai suna Chaïbou.

Barka ya yi tsaki. Shekara goma sha tara yana aikin ɗan sanda a Sabha ta ƙasar Libiya, kuma tun da aka gane ya sha Hausa a nonon mahaifiyarsa 'yar Agadas, duk rigimar baƙi a teburinsa take sauka. Rediyon ofis na ta jawabin haɗin kan Afirka, wai babu iyaka tsakanin 'yan'uwa. Shi dai abin da ya sani, baƙon da aka rubuta wa sata a wannan makon, ranar Litinin zai hau babbar mota zuwa iyaka, ko da laifi ko babu.

A shagon, Haj Lukman na ta faɗa da Larabci kamar zai ari baki.

"Shi kaɗai ke da makulli, ya Insifekta. Me kuma ake bincike?"

Barka ya dudduba shagon. Kwamfutoci goma sha biyu suna nan, babu wadda aka taɓa. Kwaɗon ƙofar gaba lafiya lau. Ya wuce ciki, ya tarar da ɗan lungu mai ban-ɗaki, sai ƙofar baya mai sakata ta ciki.

"Jiya da kuka dawo, yaya kuka sami wannan sakatar?"

"A zare."

"Mai makullin gaba me zai kai shi fita ta baya?"

Haj Lukman ya ce wannan ba aikinsa ba ne, aikin 'yan sanda ne.

A ƙofar caji ofis wata mata mai tsohon ciki tana zaune a inuwar katanga da kwanon abinci. Saoudé ce, matar Chaïbou. Barka ya kau da kai ya wuce.

Chaïbou ya yi zuru-zuru a bayan kanta.

"Ƙarfe nawa ka rufe?"

"Sha biyu da rabi, Mushe. Na tahi masallaci." Mushe shi ne yallaɓai a bakin 'yan Nijar.

"Ka duba ko'ina kafin ka rufe?"

"Ko'ina na duba."

"Har ban-ɗaki?"

Chaïbou ya sunkuyar da kai. "Ban duba ba. An hwara huɗuba, ina sauri. Don Allah kar mudir, mai shago, ya ji."

"Da ka dawo fa?"

"Biyu da rabi na buɗe. Duk Sabha mu kaɗai ke buɗewa bayan Juma'a, shi ya sa 'yan wasan nan ke jira a ƙohwa. Da anka ga babu layi, Habou magini har kuka ya yi, wai za a ci garinsa."

"Wane gari?"

"Wallahi ban sani ba, Mushe. Ni shara nike yi da kunna na'ura."

Barka ya sami Habou a unguwar Tayuri yana ɗora bulo. Ƙato ne mai furfura a gemu, da 'ya'ya huɗu a garin Tawa, can Nijar. Tambaya ɗaya Barka ya yi masa, ya yi nadamarta har tsawon awa guda.

Ashe wani wasa ne da ake yi ta intanet. Kowa yana gina garinsa, ya tara runduna, ya kai wa na wani hari. In ka tura runduna sai ta yi tafiyar awoyi na gaske kafin ta isa, kuma in mai gari yana kan layi zai iya tare ta. Habou rundunar raƙuma ya tara. Abokin gardamarsa Zabeirou, mai aikin gona a Wadi Bawanis, dawaki ya tara. Wata takwas ke nan suna musu a kan wanne ya fi, har sun daina cin abinci a kwano ɗaya, alhali mota ɗaya ta kawo su Libiya.

"Ƙarhe uku daidai dawakinsa sunka shiga garina," in ji Habou. "Yau da sahe na gani a wani shago. Da akwai layi da na tare su. Sa'a ce kawai, ba ƙarhi ba."

"Yaushe ya turo su?"

"Ƙarhe goma, kahin ya tahi gona. Kowa ya ga hitarsa daga shago, har sallama ya yi muna da ƙarhi."

"Daga goma zuwa uku? Awa biyar?"

"Biyar mana! Dawakin nan ai jakuna ne, Mushe. Abin da nike hwaɗa masa ke nan wata takwas."

Barka ya dube shi, gajiya ta sauko masa har cikin ƙashi. Ga mutum a tsare, matarsa na zaune a rana, ga shaida kuma yana rantsuwa a kan saurin dabbar da ba ta taɓa cin ciyawa ba. Amma a hanyar komawa ya yi ta juya abu ɗaya a ransa: akwatin nan ba ya sayuwa a kasuwa, kuma duk garin mutum ɗaya ne ya ƙaru da ɗaukewar layin.

Ranar Lahadi ya sa aka kawo su biyun ofis, ya zaunar da su a benci ɗaya. Zabeirou siriri ne mai fara'a, ya ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Ina kake ranar Juma'a da azahar?"

"Gona, ranka ya daɗe. Tun goma na bar gari."

"Akwai intanet a gonar?"

Zabeirou ya yi dariya. "Ko wuta babu."

"Wani ya san lambar sirrinka ta wasan? Ko ka ba wani ya riƙe maka?"

"Ni? Ko uwata ba ta sani ba."

Barka ya gyaɗa kai, ya jawo takarda, ya cire murfin alƙalami a hankali.

"To shi ke nan, babu ruwanka. Bari in rubuta a rahoto. Zabeirou ya tura dawaki ƙarfe goma. Sun isa ƙarfe uku. Tafiyar awa biyar, saboda dawaki ba su da sauri, kamar yadda Habou ya tabbatar."

Habou ya gyara zama, ya washe baki. "Rubuta, Mushe. Sa hatimi ma."

Fara'ar Zabeirou ta ɗauke. Ya dubi rufi.

"Ko raƙumi ma," Barka ya ci gaba yana rubutu, "ya fi su."

"Hukuma ta hwaɗa!" in ji Habou. "Gobe sai kowa a shago ya ji."

Zabeirou ya zabura ya miƙe tsaye. "Ƙarya ne! Awa biyu! Awa biyu cur sunka yi, ko minti bai ƙaru ba! Wane raƙumi zai yi tahiyar nan a awa biyu?"

Barka ya ajiye alƙalami.

"Awa biyu kafin ƙarfe uku, ƙarfe ɗaya ke nan. Ƙarfe ɗaya kowane shago a rufe yake, kowa yana masallaci. Kai kana gonar da babu wuta, kuma babu wanda ya san lambarka. To wa ya tura su, daga ina?"

Zabeirou ya koma ya zauna a hankali.

Bai wahalar da kowa ba, ya faɗi yadda ya yi. Ya yi sallama ƙarfe goma, ya fita, ya sake sulalowa ciki lokacin da shagon ya cika, ya maƙale a ban-ɗaki fiye da awa biyu cikin wannan zafi. Da Chaïbou ya rufe sai ya fito, ya tura runduna, ya zare akwatin don kar Habou ya tare ta, ya fice ta baya. Akwatin yana ɗakinsa a cikin buhun albasa.

"Niyyata in maido shi, wallahi."

"Ka san an kama Chaïbou?"

"Na ji. Na ce ai za su sake shi."

"Gobe da safe motarsu za ta tashi. Yanzu kujerarsa taka ce."

Sajan ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa Zabeirou ya waiwayo, idonsa ya cika da hawaye, Barka ya ɗauka gafara zai nema.

"Ranka ya daɗe, a gyara rahoton. Awa biyu ne."

"Da layi da ba su shiga ba!" Habou ya ɗaga murya a bayansa. Suna ta yi har aka ja Zabeirou zuwa ciki.

Da la'asar aka fito da Chaïbou. Ya karɓi takalmansa a kanta. Saoudé tana tsaye a ƙofa, ta dafa ƙugu.

"Mushe, mi na yi wa Zabeirou?" in ji Chaïbou.

"Ba ka yi masa komai ba. Garin Habou yake so ya ci."

Chaïbou ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Kwana biyu bai runtsa ba, yana lissafin wanda zai kai matarsa asibiti in naƙuda ta zo yana tsakiyar Sahara.

"To garin, a ina yake?"

Barka ya dubi takalmin da ke hannun Chaïbou. Kunya ce ta kama shi, kamar shi ya yi satar.

"Babu shi ko'ina," ya ce. "Je ka, matarka ta gaji da tsayuwa."