Awa Biyun da Injina Ya Huta

Na yi asarar niƙan awa biyu a kullum, na samu suruki. Ga yadda aka yi.

Tun rasuwar maigidana, injin niƙan da ke tsakar gida ne ya riƙe ni da Auta. Da ta fara karatun jinya ta waya ban hana ba. Abin da na ƙi shi ne malaminsu da ya ce yana son ta. Mutum ya zauna a ɗaki yana yi wa gilashi surutu, a ce sana'a ce?

Auta ta manna jadawali a bango. Ƙarfe goma ta yi wanka, ta zauna da biro da littafi kamar mai zuwa ofis. Ni ma lokacin nake tada injina. Ta sha kuka, ban kula ba.

Wata safiya na leƙa ɗakin na ce, "Har yanzu wannan mai wuyan zalɓen kike saurare? Ko buhu ba zai iya ɗagawa ba!"

Ta dafe kai. "Wayyo Mama! Ban kashe mayik ba, duk aji na jin ki!"

Mutum talatin! Sai ga muryarsa, ko rawa ba ta yi: "Ina kwana, Mama. Gaskiyarki, buhu ya fi ƙarfina. 'Yan aji, kun ga amfanin duba mayik." Aka yi dariya, ya ci gaba da darasi.

A ranar ne Auta ta gaya mini wata huɗu yana sake naɗa mata kowane darasi, don ƙarar injina na cinye tambayoyinta. Bai taɓa kawo mini ƙorafi ba.

Da yamma ya zo ya durƙusa. "Mama, Auta nake roƙo, sai kuma inji ya huta awa huɗu."

"Rabin awa."

"Uku, Mama."

"Kai, ka san da wa kake ciniki?"

"Aji duka ya sani," in ji shi. Dariya ta ƙwace mini.

Yara, karatun waya sai da tsari, da kunne, da gidan da zai yi shiru, da malami mai haƙuri. Aure ma haka na gan shi. Auta ta ci jarrabawarta, ta auri mai wuyan zalɓe.

Ni dai na sallama a awa biyu, goma zuwa sha biyu, da gyara: ya koya mini karanta saƙon waya da kaina.